Muryar Bala da Rumbun Tsimi

Ku matso kusa, ku ara min kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba irin wadda ake ji a kwashe da dariya ba ce, kuma ba ni na ƙaga ta ba. A kaina ta faru.

Markar bana ce ta tono min ita. Kun dai ga yadda aka yi ta. Sama ta rufe ruf, ruwa bai zuba da ƙarfi ba, bai kuma ɗauke ba. Itace ya jiƙe, gishiri ya narke a kwano, zanin da ka shanya ya wuni ya kwana yana warin danshi. A irin wannan rana Rabi ta sauka daga babur a ƙofar gidan nan, tun daga Ƙafin Maiyaki, ta ƙudundune kwamfutarta a leda a ƙarƙashin hijabi kamar mai ɓoye jariri daga ruwa.

Rabi 'yar Bala ce. Bala kuwa ɗana ne, wanda Allah ya karɓi abinsa daminar bara. Shi ke da shagon kwamfuta a bakin kasuwa, ita ya koya wa aikin, ita ke riƙe da shagon yanzu.

Bala yana da wata al'ada. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya zo ya zauna a bakin ƙofata, ya ajiye wayarsa a kan tabarma, ya yi ta jana da hira yana ɗauka. Ya tsokane ni, in zage shi, ya yi dariya, wani lokaci ya rera min karatu. In ya koma shago sai ya juye a kwamfuta ya goge na wayar. Kwamfutar kuma ya saita ta, duk mako takan buɗe sabuwar jaka a cikin wani baƙin akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, ta adana komai a ciki. Su folda suke cewa, ni jaka ta fi min sauƙin faɗa.

Bayan rasuwarsa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona tsohuwar kwamfutar, sai akwatin ya rage. Rabi ta ce min, "Iya, kwantar da hankalinki. Muryar Baba tana nan a jakunkuna sun fi a ƙirga. Duk wadda na buɗe, ga shi a ciki. Ko ɗaya ta lalace ga 'yan'uwanta." Da wannan magana na yi shekara ina barci. Ban taɓa cewa a kunna min ba. Na ce sai zuciyata ta yi ƙwari, ai yana nan, ba inda za shi.

To, ranar da nake ba ku labari, akwatin ne ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, kamar ɓera a buhun gyaɗa. Rabi ta sayo sabo za ta kwashe kayan, ta ce a gabana take son yi. Ta zauna a tabarmar nan, ta haɗa wayoyi, ta buɗe wani baƙin allo wanda babu hoto babu ado, sai farin rubutu. Ta ce za ta fara auna nauyin jakunkunan ta ga ko sabon akwatin zai ɗauke su. Ta buga 'yan haruffa, ta jira, lamba ta fito. Ta auna ta biyu, ta uku, kowace da nauyi kamar 'yar'uwarta.

"Kai, Iya, ɗanki ya tara kaya. Wannan ko akwati goma na saya ba zai shiga ba."

"Ubanki dai. Tun yana yaro ba ya yar da ko murfin kwalba."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya a rabi. Ta ɗaga tsohon akwatin ta juya shi a hannu. "To in haka ne, ya aka yi duk suka shiga cikin wannan ɗan abin?"

Ta sake buga wasu haruffan. Wannan karon rubutun ya zubo a jere, layi bisa layi. Ni ban san baƙi ba, amma na san fuskar jikata.

"Me kika gani?"

"Iya, ɗaya ne."

"Mene ne ɗaya?"

"Da na auna su ɗai-ɗai, kowace jaka cewa take duk kayan nata ne. Yanzu na sa an auna su tare, kada a ƙirga abu sau biyu. Ta farkon ce kaɗai mai nauyi. Sauran ba su ɗauke da komai sai ɗan abin da ya ƙaru a makonsu, tsohon kayan nuna shi kawai suke yi. Kowace hira wuri ɗaya take kwance. Kuma wurin ne yake wannan ƙarar."

Ta sa aka fara kwashewa, ta ce zai ɗau lokaci. Muka zauna, ruwa na ɗiga daga indararo, akwati na ƙas, ƙas. Ni kuwa na taɓa tsayawa a gaban irin wannan lissafi, da kwando a hannuna.

A lokacin ina da ƙuruciya, Bala na bayana, a gidan surukina can kudu da Tudun Wada, inda ake hango duwatsun Doguwa in gari ya washe. Baba Tsoho muke ce masa. 'Ya'yansa maza huɗu, maigidana ne na uku. Ba a daɗe da raba tukunya ba, kowa da ɗan rumbunsa a ƙofar ɗakinsa. Amma tsoho ya riƙe rumbun tsimi, wato wanda ba a taɓawa sai ranar da babu. Na ƙasa ne, ƙato, a bayan gida, bakinsa a liƙe da laka, jinka a kansa. Kaura ce a ciki, dami bisa dami, an barbaɗe da toka.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke dawa na da ciki. Abin da aka girbe bai kai rabin na kullum ba. Sai kowane ɗa ya tafi wurin uban shi kaɗai, don a gidanmu namiji ba ya faɗar gazawarsa a gaban ɗan'uwansa, ba a kuma tambayar mutum abin da ke rumbunsa. Rashin kunya ne. Yaya Idi, babban cikinsu, ya je da maganar aurar da 'yarsa. Tsoho ya ce, "Yi hidimarka, ai akwai tsimi." Na biyun ya je da maganar jaki. "Ai akwai tsimi." Autan ya je, surukansa sun rasa iri. "Ba su, ai akwai tsimi." Maigidana ya je, an haifi Bala, ga suna ga jego. Haka shi ma aka ce masa. Aka yanka rago, aka yi ta dama min kunun kanwa, na yi jego kamar 'yar gata. Kowa a cikinsu ya koma ɗakinsa ya gaya wa matarsa cewa akwai rumbu guda cike yana jiranmu. Mu mata huɗu, kowace na barci da rumbun tsimi a ƙarƙashin kanta, kowace na ganin nata ne.

Ana nan, ana nan, bazara ta shigo, ta kuma ƙi tafiya. Zafi irin wanda in ka taka ƙasa da rana sai ka ɗage ƙafa. Rijiya ta koma laka, guga ya shiga ya fito da rabin ƙoƙo. Awaki na gwaguyar danga. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu fito da tukwane, iska ta kore shi. Da aka samu ruwan farko, gari duka ya fita shuka, maza na sara, mu muna bin baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ta fito kore shar. Sai rana ta dawo ta zauna a kanta har ta kwanta ta bushe. Aka sake shuka, wannan karon da hatsin da za a ci.

Ƙananan rumbunan suka fara ƙarewa, kowa a ɓoye. Tuwo ya koma na dare kaɗai. Ɗumamen safe ya koma kunu, kunun ya koma ruwa-ruwa har kana ganin gindin ludayi. Matar Yaya Idi har ƙaiƙayi take zubawa a turmi tana daka, don a ji ƙarar taɓarya daga sashenta. Mun sani, ita ma ta san mun sani, ba wadda ta tanka.

Ranar da na kakkaɓe gindin rumbunmu, maigidana ya ce, "Gobe ki ɗau kwando, zan yi wa Baba magana a fasa tsimi." Da sassafe na zagaya bayan gida. Na tarar da matar Yaya Idi a tsaye da kwando. Ban gama gaishe ta ba sai ga matar na biyun, ita ma da kwando. Sai ga amaryar auta.

Matar Yaya Idi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku kuma ina za ku da kwanduna da sassafe? Tallan me aka fara?"

Matar na biyun ta ce, "Inda za ki, Yaya."

"Ni hatsinmu na zo ɗiba."

"Naku?"

Amarya yarinya ce, ba ta iya riƙe magana ba. Ta ce, "Ai Baba mu ya bar wa."

Muka juya muka dubi rumbun. Na ji kwandon hannuna ya yi nauyi alhali babu ko ƙwaya a ciki.

Maza suka iso, tsoho ya fito yana dogara sanda, Gwaggo matarsa na biye. Ya dubi kwandunan nan huɗu ya daɗe yana dubawa. Sai ya nemi gindin tsani ya zauna.

Yaya Idi ya durƙusa, amma muryarsa ba ta durƙusa ba. "Baba, da ka ce na mu huɗu ne, da ban yi garar da na yi ba."

"Na ce maka akwai. Akwai kuwa."

"Akwai na mutum ɗaya."

"Ba ka tambaya ba, Idi."

"Ana tambayarka, Baba?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin an mayar masa da magana ba sai ranar.

Aka ɗage jinka, aka fasa laka. Ƙanshin tsohuwar dawa ya bugo mu, yara suka hau tsalle. Rumbu cike yake har baki. Ba ɓarawo, ba ɓera, ba ƙwaro. Ba abin da ya ɓace. Rumbu ɗaya ne kawai, mu kuma gida huɗu, ga kaka da sauran nisa.

A ranar aka mayar da tukunya ɗaya. Gwaggo ce ke awo da wani ɗan ƙoƙo, tana shafe bakinsa da yatsa. Mu huɗu muna sussuka tare, mu sheƙe tare, dusar ma ba a ba dabba, a tukunya take ƙarewa. Sai ga marka ta sauka, irin ta bana sak. Duniya ta yi kore, gona ta yi kyau har ka ji kamar ka yi kuka, ciki kuwa babu komai. Da safe mu bazu cikin jeji da raɓa har gwiwa, muna tsinko tafasa da rama da yaɗiya. A dafa da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika ido, a barbaɗa ɗan gari a kai don a ce an ci hatsi. Maza na ɗaure ciki da igiya su tafi maimai, ka hango mutum ya yi kunya biyu ya tsaya ya dafa fartanya. Yara suka kama gudawa saboda ganye. Da dare kwaɗi na kuka, cikinka na taya su.

Ruwan nonona ya janye. Bala ya kama, ya ja, ya saki, ya yi kuka. Kwana ya yi kwana, kukan ya sirance ya koma kamar na ɗan kyanwa. Daga baya sai ya buɗe baki, fuskar ta yamutse, amma babu sauti. Ina kallon kukan, ba na jin sa.

Akwai wata Bafulatana, Hajo, da rugarsu ke bayan gonarmu. Su ma shanunsu sai ƙashi, amma in na taya ta ɗebo ruwa takan ce, "Kawo ɓingel ɗin nan in gani," wato yaron, ta ɗiga masa tsala da yatsa, ta ba ni sauran in kurɓa. Nonon ya riƙe shi, amma bai tashe shi ba.

Sai akushin Baba Tsoho ya fara dawowa. Kun san ragowar babba ta yara ce, a rarraba musu loma-loma. Wannan kuwa ba ragowa ba ce, tuwon ne ɗungurungum, an ɗan gutsuri gefe don kada a ce ba a taɓa ba. Gwaggo ta shigo da shi ɗakina a ƙarƙashin mayafi ta ajiye.

"Ya ce ya ƙoshi. Ki ci."

Na ci. Washegari ma haka. Da abin ya yi yawa na ce, "Gwaggo, tsoho fa ba ya cin komai."

"Ke dai ci."

"Zai faɗi."

"Kin ga an taɓa sa shi abin da bai yi niyya ba? Ni da na zauna da shi tun ba a haifi mijinki ba ban iya ba, sai ke? Buɗe baki."

Tsakanina da surukina ba magana sai gaisuwa daga nesa, kai a ƙasa. Amma wata yamma na ji sandarsa ta tsaya a bayan ɗakina. Bai kira ni ba, da bango ya yi magana. Ya ce, "A gaya wa mai goyo, gidan nan ya yi min shiru. Ina son yaron nan ya dawo hana ni barci."

Ina kuka ina cin tuwon nan, ina sane da na wane ne. Sannu a hankali ƙirjina ya fara nauyi. Bala ya kama, ya ja, na ji yana haɗiya. Ran nan da safe ina masa wanka ruwan ya yi masa sanyi, sai ya tsandara ihu, irin ihun da har kaji suka watse. Daga can ɗakin tsoho muka jiyo dariya, da tari a bayanta.

Gero ya fara nuna, aka gasa tumun farko aka kai masa. Ya karɓa ya sansana, ya ce Alhamdu lillahi. Bai iya tauna ba. Ba a kai ga yankan dawa ba aka kai shi makwancinsa. Kakar shekarar kuwa, rumbuna har ba su isa ba.

Ina cikin wannan tunani na ji Rabi ta ce, "Innalillahi." La'asar ta yi. A baƙin allon nan wani layi ne ke ta maimaita kansa, shi ne dai, shi ne dai, har ƙasa.

"Me yake cewa?"

"Ya ce ya kasa karantawa. Daidai wurin hirarrakin ne."

"Gwada wata jakar."

"Iya, ai ita ce dai."

"Na sani. Gwada."

Ta gwada. Ta gwada ta gaba, da ta gabanta. Kowace ta nuna mata sunan hirar, ga shi nan a rubuce, in ta ce a ɗauko sai akwatin ya yi ƙas, ƙas, layin nan ya dawo. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni ma ban ce ta bari ba. Kafin magariba akwatin ya daina ƙarar gaba ɗaya. Ta kai shi Kano wurin masu gyara, suka riƙe shi, suka dawo mata da shi.

Abin da aka samu kwashewa kafin ya mutu, hotunan fasfo ne na mutanen da ban sani ba, da takardun makarantar 'ya'yan wasu, sai hira guda ɗaya. Rabi ta ce, "Iya, an tsira da ɗaya." Na yi alwala, na zauna, na ce kunna.

Muryata ce. Ni ce nake ta zuba, ina bayanin yadda ake daddawa, tun daga dafa kalwa har shanya. Ranar bai tsokane ni ba, bai yi karatu ba, ko tambaya bai yi ba. Ya ajiye waya ya bar ni ina ta magana har na gama. Tawa da nake da ita a bakina, ita ce ta tsira.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare. Gwaggo ta rayu har ta ga Bala ya shiga makaranta, kuma har ta rasu ba ta yarda an sake amfani da akushin nan ba. Yaya Idi ya kwashe iyalinsa ya koma Bebeji bayan kakar, bai ƙara kwana a gidan ba, amma duk shekara yakan zo ya gyara kabarin uban, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Hajo sun yi kudu da shanu, ban sake jin ɗuriyarta ba, ina sa ta a addu'a. Maigidana ya rasu Bala na saurayi. Rumbun tsimi ba a ƙara liƙe shi ba, wata marka ta rushe shi, aka shuka kabewa a wurin.

Rabi ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ni ba, tana cewa da ta auna su tare tun farko. Na ce mata maza huɗu masu gemu ba su auna ba, ta bar zancen. Yanzu akwati biyu take ajiyewa, ɗaya a shago ɗaya a Kiru wurin gwaggonta, duk na kayan mutane.

Bala yana kwance a maƙabartar bayan gari, gefen hanyar da babura ke bi.

Ni kuma ga ni. Ta zuba min hirar daddawar a wata 'yar waya, ta nuna min inda zan danna. Duk Juma'a in an sauko masallaci nakan kunna, in kanga a kunne. Ba maganata nake saurare ba, na san yadda ake daddawa. Wuraren da na tsaya in haɗiyi yawu nake jira. A nan, in gidan ya yi tsit, ana jin numfashin mutum a kusa da wayar.